Injuna Shida da Ba Za Su Zo Ba

Assalamu alaikum, Auta, ƙanina.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta iske ka cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar rai, ya tsare ka daga sanyin nan da kake ta kawo mana ƙararsa, ya sa albarka a duk abin da hannunka ya taɓa. Mu nan lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba. Gwiwar Inna ta yi sauƙi tun da ta fara shafa man da ka aiko, ko da yake ni na san irinsa ne ake sayarwa a kantin maganin bakin titinmu, amma wa ya isa ya faɗa mata? Ita dai na ɗanta ne yake aiki. Matarka Amarya tana nan ƙalau, kuma har yau Amarya muke ce mata, shekara bakwai da aure, ta gaji da hana mu ta haƙura. Gimbiyarka ta yi giɓi, haƙora biyu na gaba sun tafi. Ta shiga aji ɗaya, kuma da malamarsu ta tambayi aikin ubanta sai ta ce yana can wata ƙasa yana ƙera iska. Na ce ba ta yi ƙarya ba, mai haɗa fanka ai abin da yake yi ke nan.

Ka san ni da rubutu ba ma shiri, rabona da in cika shafi tun ina makaranta. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne waya ba ta ba ni damar faɗin gaskiya. Duk lokacin da ka kira, Inna tana dama, Amarya tana hagu, Gimbiya tana fizgar wayar, kowa lafiya lau yake ce maka, ni ma in bi sahu. Injiniyan nan mai tabarau da ya zo daga wajenku zai koma ranar Laraba, ya ce zai damƙa maka ita hannu da hannu. Amarya ta faɗa mini sun ba ka takarda a can, ta zama ma'aikacin dindindin, har da izinin ɗauko iyalinka, kuma sun ba ka zuwa ƙarshen wata ka sa hannu ko ka mayar musu. Ta ce ka ce mayarwa za ka yi, domin ka yi wa Yaya Babba alkawarin za ka dawo ku haɗu ku tayar da sabon sashen naɗin koyil, wayar jan ƙarfen nan da ke juya fanka, a masana'antarmu. A kan wannan nake rubuto maka. Ina so ka san abin da za ka dawo ka tarar kafin ka mayar wa mutane takardarsu, don na lura a can ba a faɗa muku komai, mu kuma a nan mun ɓoye maka.

Ka tuna taron da mai kamfani ya yi da mu shekara uku da suka wuce, a ɗakin gwaji, fankoki arba'in suna juyawa a kanmu? Kai kana can baya kana surutu, don haka bari in tuna maka. Ya ce fankokin waje masu araha sun cika kasuwa, namu sun fi su ƙarko amma sun fi su tsada da shan wuta da ƙara, kuma in muka zauna a gida muna jiran masu saye su tausaya mana, ba za a shekara biyar ba sai an rufe ƙofa. Ya ce ya samo wata tsohuwar masana'anta a ƙasar da kake yanzu, masu ita sun tsufa, 'ya'yansu ba sa so. Tana da sunan da duniya ta sani, tana da sirrin wani koyil da ba ya ƙara ba ya shan wuta, tana da dillalai a ƙasashen da ba a taɓa jin sunanmu ba. Abin da za mu shekara ashirin muna lalube, in ji shi, za mu saye shi rana ɗaya. Za a tura matasa goma sha biyu su koyo aikin, sannan a kawo sababbin injunan naɗi guda shida a kafa a nan, mu riƙa yin koyil ɗin da kanmu, mu sayar wa duniya da sunan waccan masana'anta. Na tafa har tafina ya yi zafi. Daɗi nake ji a ce yau mu ne muka sayi na wasu, ba mu aka saya ba. Har yanzu ban yarda cewa ƙarya ya shirya mana a ranar ba, ina ganin shi ma abin da ya yi niyya ke nan kafin ya je ya ga yadda abin yake.

Yaya Babba ne ya sa sunanka a cikin sha biyun nan, kuma ya sha surutu a kai, ana cewa shugaban sashe ya fifita ƙaninsa. Ranar da za ku tafi, a bakin ƙofar masana'anta ya riƙe hannunka ya ce ka koyo komai, har yadda suke share ƙasa, ka dawo ku yi aikin tare. Kai kuma ka ce ko duniya suka ba ka ba za ka zauna ba. Ina tsaye, na ji da kunnena.

Abin da ba ka sani ba ya fara ne daga hoton nan da ka turo masa bayan wata takwas da tafiyarku, zanen yadda za a jera injuna shidan, da awon kowanne, da inda ƙusoshin ɗaure shi za su zauna a ƙasa. Ban faɗi wannan don in ɗora maka laifi ba, murna ce ta sa ka turo. Yaya ya kai aka buga masa shi a babbar takarda, ya manna a bangon ofishinsa, ya zama ba shi da wata hira sai tasa. A lokacin Manaja ya ce in injunan sun iso za a fara kafa su a tsohon sito na baya, tsofaffin injunanmu su ci gaba da aiki har a ga kamun ludayin sababbin. To, ka san Yaya da zuciya. Ya ce ba za a kawo injin da ya fi gidajenmu duka daraja a ajiye shi a siton da rufinsa yake yoyo ba, mutanen can su zo su gani su raina mu. Ya tara mu, mu ɗari da tamanin na sashen naɗi, ya ce hutun gyara na mako biyu yana tafe, mu haƙura da hutun mu cire tsofaffin injunan, mu zuba sabon daɓe daidai da zanen, yadda ranar da kwantena ta iso sai dai a sauke a ɗaure. Dogo mai walda kaɗai ya yi gardama. Ya ce injunan nan shekara talatin suna cikin siminti, kowanne an yi masa ƙari da ciko har ya zama ba ya aiki sai a inda yake, ba za su fita ba sai da wuta, kuma wanda aka yanka da wuta ba ya komawa. Ya ce a bari jirgi ya taso tukuna. Muka yi masa ca. Ni ce ma na fi kowa ɗaga murya, na ce masa tsoron sabon abu yake yi don ba a walda a jikinsa. Har yau in na haɗu da shi sai in sunkuyar da kai. Manaja kuwa, da ya ji ma'aikata za su yi aiki kyauta a cikin hutunsu, bai ko gama karanta takardar ba ya sa hannu.

Auta, da ka ga aikin da muka yi da ka yi alfahari da mu, kuma abin da ya fi ci mini rai ke nan. Ba wanda ya tilasta wa kowa. Maza suna yanka suna ja, mu mata muna kwasar ɓaraguzai a baro, har waɗanda suka yi ritaya sun zo taya mu. Injina, na uku daga taga, wanda na shekara goma sha tara ina naɗi a kansa, wanda sai na tokare shi da gwiwa yake daina rawa, ina tsaye Dogo ya raba shi uku. Ban ji komai ba a ranar, har tsokanar injin na yi, na ce ya je ya huta ya gode wa Allah. Masu sayen tsohon ƙarfe suka zo da motoci biyu suka kwashe. Aka zuba daɓe mai kauri, Yaya yana durƙushe da tef da igiya yana auna mazaunin kowace ƙusa sau uku, takwas-takwas ga kowane inji, arba'in da takwas ke nan, suna tsaye a cikin siminti kamar shuka. Muka yi fenti, muka ja layuka ruwan ɗorawa inda mutum zai bi, kamar yadda muka gani a hotunanku. Da muka gama, mutanen sauran sassa suka riƙa zuwa leƙe, wasu har suna cire takalmi kafin su shiga.

Tun da babu injin naɗi, aka ce za a riƙa kawo haɗaɗɗen koyil daga wajenku na wata uku kacal, mu kuma a rarraba mu sauran sassa kafin nan. Aka kai ni wajen ɗaura fukafukai, aikin da sabon shiga yake koya a yini ɗaya. Wata uku ya zama shida, shida ya zama shekara. Yau a ce injunan suna jiran takarda, gobe a ce ba a samu jirgi ba. A cikin wannan jiran ne abin da ba mu yi tunani ba ya faru, wato fankar da aka sa wa koyil ɗinku ta karɓu. Ba ta ƙara, ba ta zafi, masu dawo da kaya suka ragu har wajen karɓar gyara ya zama wurin hira. Mu da kanmu muka riƙa yabonta, ni ma na saya wa Inna ɗaya. Ba mu lura ba cewa duk fankar da ta fita lafiya shaida ce a gaban masu kamfani cewa ana iya yi ba da mu ba. Da tsofaffin injunanmu suna nan suna aiki, da ba wanda zai gwada ya gani, ko da an gwada ma, da sai an yi dogon tunani kafin a tsayar da sashen da yake da rai. Mu muka tsayar da shi da hannunmu, a cikin hutunmu, muka share wurin muka yi masa fenti.

Ka tuna wata Asabar, wata huɗu da suka wuce, da ka kira da hantsi kana ta ɗoki, ka ce an kafa sababbin injuna a ɗakinku kuma kai aka ba biyu daga ciki ka kula da su? Yaya yana gidan Inna a ranar, ya karɓi wayar ya tambaye ka guda nawa ne, ka ce shida. Ya tambaye ka lambar da ke jikinsu, ka karanto masa. Ya ce madalla, Allah ya sa albarka, ya miƙa wa Amarya wayar, ya fita tsakar gida ya tsaya yana kallon igiyar shanya. Lambar nan ya haddace ta, ita ce a saman zanen da ke bangon ofishinsa. Na san an ce muku namu suna tafe daga baya, wai wani rukunin ne daban. Babu wani rukuni, Auta. Injunan da kake gogewa kowace safiya su ne namu.

Mako uku da suka wuce aka daina ɓoye-ɓoye. Mai kamfani bai zo ba, an ce yana wata ƙasar yana buɗe wani reshen. Manaja ne ya karanta mana takarda, bai ɗago kai ba har ya gama. Ya ce masu saye a can sun fi son abin da aka yi a can, in an yi shi a nan sai an biya kuɗin fito mai nauyi kafin ya shiga kasuwarsu. Ya ce a can wuta ba ta ɗaukewa, wayar jan ƙarfe a maƙwabta ake yin ta, mu kuwa sai ta yi wata biyu a tashar jirgi kafin ta iso mana, kuma injunan nan in wuta ta yi musu wasa sau ɗaya sai an kira mai gyara daga ƙasar da aka ƙera su. Saboda haka naɗi ya koma can gaba ɗaya, a nan sai ɗaura fukafukai da sakawa a kwali, aikin mutum talatin da biyar. Ya ƙara da cewa kamfani bai taɓa yin ƙarfi irin na bana ba, fankarmu tana shiga ƙasa goma sha huɗu, wai abin alfaharinmu ne duka. Na yi ta neman ƙarya a cikin maganarsa don in samu abin da zan riƙe in yi faɗa, ban samu ba. Dabarar ta yi aiki, kamfani ya tsira kamar yadda aka yi mana alkawari, mu ne dai muka ɗauka in an ce kamfani har da mu ake nufi. Sunana ba ya cikin talatin da biyar ɗin.

Sai ga abin da ya ƙarasa mu. Don a rage wa mutane zafi, kamfani ya ce duk sashen da aka rufe, ma'aikatansa su ɗauki tsofaffin injunansa kyauta su je su nemi na kansu. 'Yan sashen yankan ƙarfe sun ɗauki nasu, su tara sun kama wani shago a bayan tasha suna yin ƙofofi da tagogi, har sun fara samun aiki. 'Yan fenti ma haka. Ka san garin nan cike yake da fankoki da injunan ruwa da koyil ɗinsu ya ƙone, da injunanmu suna nan da ko mu ashirin mun ci abinci da gyaransu. Da aka zo kanmu, magatakarda ya duba takardarsa ya ce sashen naɗi ba shi da abin ɗauka. Mutane suka juya suna kallon Yaya, ba faɗa ba zagi, kallo kawai, kuma da zaginsa suka yi da ya fi masa sauƙi. Dogo ya je har wajen masu tsohon ƙarfe ko za a dace da wani abu, suka yi masa dariya, suka ce an narkar tun bara.

Shi Yaya an bar shi a cikin waɗanda za su zauna, ban sani ba ko tausayi ne ko mantuwa. Ɗakinmu an mayar da shi sito, inda za a riƙa jibge kwalayen koyil ɗin da kuke turowa. Ranar farko da motar ɗaga kaya ta shiga, ƙusa ta fasa mata taya, kashegari ma haka. Manaja ya ce a nemo wanda zai yanke su, Yaya ya ce ba mai taɓa su sai shi. Ranar Litinin da ta wuce na je karɓar takardar sallamata, na biyo ta wajen, na same shi shi kaɗai a durƙushe da injin yanka, tartsatsi yana tashi, yana bin su ɗaya bayan ɗaya. In ya yanke sai ya goge wurin har ya yi daidai da daɓen, ya shafa da tafin hannu ya ji ko akwai tudu, sannan ya ja gwiwa zuwa ta gaba. Mutum mai shekara hamsin da huɗu, ga ciwon baya. Na ce masa ya bar gugar nan mana, kwali za a ɗora a kai, ba wanda zai duba. Ya ce ai shi zai sani. Na zauna a kan wani kwali na jira shi har ya gama ta arba'in da takwas, na yi kukana na ƙoshi, ƙarar injin ta rufa mini asiri.

A hanyar komawa gida ne na faɗa masa zancen takardarka. Ban yi niyya ba, bakina ne ya suɓuce. Muka yi tafiya mai nisa har muka wuce inda ya saba tsayawa sayen jarida. Sannan ya ce in faɗa maka ya yafe maka alkawarin, duniya da lahira, ka sa hannu. Na ce ya kira ka da kansa mana, maganarsa ta fi tawa nauyi a wajenka. Ya ce ba zai iya ba, in ya ji muryarka cewa zai yi ka dawo. Ya ce shi ya jawo mutum ɗari da tamanin suka sare abincinsu da hannunsu, ba zai ƙara da ƙaninsa ba. Kada ka kira shi a kan wannan, roƙonka nake yi. In kun yi waya ka tambaye shi ya bayansa, ka ba shi labarin sanyi, ka bar shi da sauran mutuncinsa.

To, ga tawa. Na san halinka, za ka ce ko babu injuna za ka dawo ka nemi wani abu, ai gida ne. Me za ka nema? Aikin da ka shekara uku kana koya babu injinsa a ƙasar nan ko ɗaya. In ka dawo layi ɗaya za ka shiga da mu, kuma mutane za su riƙa kallonka suna tuna hoton nan, ko ba su furta ba. Ni kada ka damu da ni. Mijina yana nan da ɗan aikinsa, ni kuma ina karɓar gyaran ƙananan koyil ina naɗawa da hannu a tsakar gida, a kan katako da ƙusa biyu, yini guda in gama ɗaya. Ba ya kai ko'ina, amma yana rage mini tunani.

Inna ce ban san yadda zan yi da ita ba. Ta sa an ɗinka wa ɗakinka sabon labule, kullum sai ta tambaye ni saura wata nawa. Ban faɗa mata ba, kuma in ka sa hannu ba kai kaɗai za ta rasa ba, har Amarya da Gimbiya da suke cika mata gida za su bi ka. Shekarunta saba'in da bakwai, tafiya wajenku ba ta yiwuwa gare ta, kai kuma sabon ma'aikacin dindindin ba a sakinsa ya zo gida duk lokacin da ya ga dama. Ni da kai mun san abin da wannan yake nufi, ba sai na rubuta ba. Na juya shi ta kowace fuska, na rasa ta inda zan ɓullo in ce maka ka zo. Ni zan faɗa mata, ba kai ba, ba Amarya ba, in za ta yi fushi ta yi da ni, na saba. Ni na goya ka lokacin da Inna take fita aiki, ni na kai ka makaranta ranar farko kana ihu kana riƙe mini zane, ban taɓa zaton da hannuna zan rubuta maka wannan ba. Ka sa hannu, Auta. Ka fara nema wa Gimbiya makaranta, ka nemi ɗaki mai taga wanda rana take shiga, ka san Amarya ba ta jure sanyi.

Inna tana gaishe ka tana sa maka albarka. Amarya da Gimbiya ba su san na rubuta ba, don haka ban karɓo gaisuwarsu ba, amma ka san tana nan. Mijina yana gaishe ka, da Kawu, da Gwaggo ta bayan kasuwa, wadda take tambaya ko ka yi ƙiba. Dogo ya ce in faɗa maka ba ya riƙe da kowa. Ka gaishe mini da sauran namu da kuke tare, ka karanta musu abin da ya shafe su a cikin wannan takarda, su ma su san inda suke tsaye. Allah ya tsare ka, ya rufa maka asiri, ya haɗa fuskokinmu da alheri ko da ba nan kusa ba.

Ni ce yayarka, wadda ta fi kowa marmarin ganinka, take kuma roƙonka kada ka zo.